Kwafin ajiya da ranar maidowa: me ya sa "na yi bakof" ba ya isar wa mai kwamfuta a gida?

Idan kwamfutar da ke gidanka ta ƙi tashi gobe da safe, kuma mai gyara ya ce faifan cikinta ya mutu, nawa ne daga cikin abin da ke cikinta zai dawo hannunka, kuma cikin kwana nawa? Wannan tambaya ta sake tasowa da ƙarfi tun bayan da kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, domin mutane da yawa sun tsinci kansu a gaban zaɓi uku: su koma Windows 11 idan na'urarsu za ta ɗauka, su sayi sabuwa, ko su ci gaba da tsohuwar ba tare da gyare-gyaren tsaro ba. Kowanne daga cikin ukun yana taɓa fayilolin mutum. Amsar da aka fi ji idan an yi tambayar ita ce "ai na yi bakof", sai dai idan aka bi diddigi za a tarar kowa da abin da yake nufi da wannan kalma, kuma yawancin abin da ake kira bakof ba zai tsira daga masifar da aka tanade shi dominta ba.

Me ake nufi da kwafin ajiya?

Kwafin ajiya, wanda masu harkar kwamfuta ke kira bakof, kwafi ne na biyu na bayanai da aka ajiye a wani wuri dabam, ta yadda abin da ya hallaka na asali ba zai kai gare shi ba. Maidowa kuwa ita ce ɗauko wannan kwafi a mayar da shi kan na'ura har mutum ya ci gaba da aikinsa. A cikin wannan ma'ana akwai sharuɗɗa biyu da ake yawan tsallakewa, wato kasancewar kwafin na biyu ne, da kuma kasancewarsa a wani wuri dabam.

Sharaɗin farko shi ne wanda mutum ke karyawa idan ya ga faifan kwamfutarsa ya cika, ya kwashe hotunan shekara goma ya zuba su a faifan waje, sannan ya goge na cikin kwamfutar don ya sami fili. Wannan mutum ya sauya wa kayansa ɗaki ne kawai. Har yanzu kwafi ɗaya yake da shi, kuma ya ma mayar da shi kan faifan da ake ɗauka ana ajiyewa, wanda ya fi na cikin kwamfuta saurin faɗuwa ƙasa. Sharaɗi na biyu kuma shi ne wanda ake karyawa idan an kwafi fayiloli daga sashen C zuwa sashen D na kwamfuta guda. A kan allo sassan biyu suna bayyana kamar faifai biyu, amma a mafi yawan kwamfutocin gida faifai ɗaya ne aka raba shi gida biyu. Rabawar tana da amfani idan za a goge Windows a sake ɗora ta, tun da ana iya barin D ba a taɓa shi ba, amma ranar da faifan ya mutu, C da D tare za su tafi.

Akwai wasu abubuwa uku da suke kama da kwafin ajiya har suna ruɗar ma waɗanda suka san kwamfuta. Na farko shi ne System Restore na Windows, wanda ya fara zuwa a shekarar 2000 tare da Windows ME. Aikinsa shi ne mayar da saitunan tsarin da fayilolin Windows zuwa yadda suke a wata rana da ta wuce, idan wata manhaja ko sabuntawa ta rikita na'urar. Ba ya dawo da wasiƙar da ka goge ko hoton da ya ɓace, kuma abin da yake ajiyewa yana zaune ne a kan faifan nan dai da ake tsoron mutuwarsa. Na biyu shi ne wani nau'i na tsarin RAID, inda ake haɗa faifai biyu ko fiye suna rubuta abu ɗaya a lokaci guda. Yana kare mutum daga mutuwar faifai ɗaya, amma idan aka goge fayil bisa kuskure, nan take gogewar za ta auku a kan dukkansu.

Na uku, wanda ya fi sauran yaɗuwa a yau, shi ne daidaita fayiloli da rumbun intanet irin su OneDrive, Google Drive, iCloud da Dropbox. Waɗannan manhajoji an gina su ne don abin da ke kan kwamfuta da abin da ke cikin rumbu su kasance iri ɗaya a kowane lokaci. Idan ka gyara takarda a nan, can ma ta gyaru. Idan ka goge ta a nan, can ma ta gogu, kuma idan fayil ya lalace a nan, lalatacce ne zai hau ya maye gurbin mai kyau. Abin da ke ceton mutane shi ne kwandon shara da tarihin sauye-sauye da kamfanonin ke riƙewa na ɗan lokaci. A Google Drive da OneDrive na mutum ɗaya, abin da aka goge yana zama a kwandon shara kwana 30 kafin ya tafi gaba ɗaya. Wanda ya lura da ɓatan fayil a cikin mako guda ya tsira. Wanda bai buɗe jakar takardun filinsa ba sai bayan wata huɗu, ya makara. Saboda haka daidaitawa rabin kwafin ajiya ce: tana maganin mutuwar faifai da sata, amma kariyarta daga kuskuren hannu tana da wa'adi.

Hanyoyin da bayanai ke salwanta

Ba za a gane dalilin waɗannan sharuɗɗa ba sai an duba yadda bayanai ke ɓacewa, domin kowace hanya tana buƙatar irin nata rigakafin.

Tsohon nau'in faifai, wanda ake kira HDD, yana da fayafayi masu juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wani ɗan hannu da ke shawagi a kansu da tazarar da ta fi silin gashi sirantaka nesa ba kusa ba. Faɗuwa ɗaya yayin da yake juyawa na iya sa hannun ya karci faifan. Sau da yawa irin wannan faifai yana ba da alama kafin ya mutu: na'ura ta yi nauyi, fayiloli su ƙi buɗewa, ko a ji wani ƙas-ƙas daga ciki. Sabon nau'in, wato SSD, ba shi da abin da ke motsi, ya fi sauri kuma ya fi jure jijjiga, shi ya sa mutane ke ɗauka ba ya mutuwa. Yana mutuwa, kuma galibi ba sallama. Haka kuma yana da wani tsari mai suna TRIM da ke share gurbin fayil ba da daɗewa ba bayan an goge shi, abin da ya sa manhajojin tono fayilolin da aka goge, waɗanda kan yi nasara a kan HDD, ba kasafai suke samun komai a kan SSD ba. Wato sauyawar da duniya ta yi zuwa SSD ta rage yawan lalacewa ta faɗuwa, amma ta kuma rage damar ceto bayan an yi kuskure.

Sai kuskuren ɗan Adam, wanda a ganina ya fi kowace hanya cin fayilolin gida, ko da yake ba a cika ba da labarinsa ba saboda kunya. Mutum ya goge jaka yana zaton yana da ita a wani wuri, ko ya adana sabuwar takarda a kan tsohuwa mai suna iri ɗaya, ko yaro ya sami kwamfuta a buɗe, ko a kai na'ura gyara mai gyaran ya ga hanya mafi sauƙi ita ce ya yi mata fomatin, wato ya share faifan gaba ɗaya, ba tare da ya tambayi mai ita abin da ke ciki ba. Har kamfanoni ma suna yin nasu: a watan Oktoba na 2018 Microsoft ta janye wata babbar sabuntawa ta Windows 10 kwanaki kaɗan bayan fitarta, saboda ta goge fayilolin wasu masu amfani da ita.

Hanya ta uku ita ce manhajar garkuwa, wadda ke shiga kwamfuta ta kulle fayiloli da makullin sirri, sannan masu ita su nemi kuɗin fansa. Wadda duniya ta fi tunawa ita ce WannaCry, da ta ɓarke a ranar 12 ga Mayu, 2017, ta kama kwamfutoci a ƙasashe fiye da 150, har da na asibitocin gwamnati a Ingila. Ta bi ne ta wata ɓaraka a Windows wadda Microsoft ta riga ta toshe tun watan Maris na wannan shekarar, don haka waɗanda ta kama su ne waɗanda ba su sabunta na'urorinsu ba. Wannan ne ya sa ƙarewar tallafin Windows 10 ta shafi maganar kwafin ajiya kai tsaye, domin duk ɓarakar da aka gano nan gaba za ta zauna a buɗe a na'urar da ba ta karɓar gyara. Abin lura game da manhajar garkuwa shi ne ba ta tsayawa a faifan ciki. Duk faifan waje da ta tarar a jone, da duk jakar da ke daidaite da rumbun intanet, tana kulle su, kuma da yawa daga cikinsu suna fara goge kwafin da Windows ke ɓoyewa a cikin na'ura. Faifan ajiyar da ba a taɓa cire shi daga jikin kwamfuta ba yana cikin hatsari ɗaya da ita.

Sata, gobara, ambaliya da wutar lantarki da ta dawo da ƙarfi su ne rukuni na ƙarshe, kuma ba sa buƙatar dogon bayani. Ɓarawon da ya ɗauki jakar laftof ya ɗauki faifan wajen da ke aljihun jakar.

Fayiloli kaɗai, ko hoton na'urar gaba ɗaya?

A nan ne masana suka rabu gida biyu, kuma kowane ɓangare yana da hujja.

Ɓangare na farko yana cewa abin da ya cancanci ajiya shi ne abin da ba za a iya samunsa a wani wuri ba: takardu, hotuna, bidiyon iyali, lissafin kasuwanci, rubutun karatu. Windows da manhajoji ana iya sake sauko da su. Kayan aikin wannan hanya suna nan a cikin na'ura kyauta. File History, wanda ya zo da Windows 8 a 2012, yana kwafar jakunkunan mutum zuwa faifan waje, bisa saitin asali sau ɗaya a kowace awa, yana kuma riƙe tsofaffin nau'o'in kowane fayil ta yadda za a iya komawa takarda kamar yadda take ranar Talatar da ta wuce. A kwamfutocin Apple akwai Time Machine tun 2007, wanda ke riƙe kwafin kowace awa na awa 24 da suka wuce, na kowace rana na wata guda, sannan na kowane mako har faifan ya cika, daga nan ya fara share mafi tsufa. Masu Linux suna da rsync, wanda ake amfani da shi tun 1996, da wasu manhajoji da aka gina a kansa ko a kan irin dabararsa. Fa'idar wannan hanya ita ce kwafin ba shi da nauyi, ana iya buɗe shi a kowace kwamfuta, kuma idan an sake ɗora tsarin daga farko an rabu da tarkacen shekaru, har da duk wata muguwar manhaja da ta laɓe.

Ɓangare na biyu yana cewa wannan lissafi ya manta da lokaci. Wanda ya taɓa sake gina kwamfuta daga farko ya san cewa ɗora Windows shi ne mafi sauƙin aikin. Wahalar tana wajen nemo kowace manhaja, tuno lambar lasisinta, saita firinta, dawo da akwatin imel, da gano cewa wata tsohuwar manhajar lissafi da ake dogaro da ita kamfaninta ya daina bayar da ita. Maganin wannan shi ne hoton faifai, wato kwafin faifan gaba ɗaya, da tsarin aiki da manhajoji da saituna da ɓoyayyun sassan da na'ura ke tashi da su. Idan faifai ya mutu, sai a sa sabo, a zuba hoton a kansa, kwamfuta ta tashi kamar yadda take ranar da aka ɗauki hoton. Clonezilla, Macrium Reflect da Veeam Agent suna cikin manhajojin da aka sani da wannan aiki. Windows ma tana da nata a ƙarƙashin Backup and Restore na zamanin Windows 7, ko da yake tun 2017 Microsoft ta sanar da cewa ta daina bunƙasa shi.

Hoton faifai yana da nasa aibi. Yana da girma, yana ɗaukar lokaci, shi ya sa mutane ke yin sa sau ɗaya su manta, har ranar buƙata su tarar hoton na shekara biyu da suka wuce ne. Yana kuma ɗauke da duk cutar da ke cikin na'urar a ranar da aka ɗauke shi. Sannan an ɗauke shi ne a kan wata na'ura takamaimai; idan aka zuba shi a kan kwamfuta ta wani kamfani mai kayan ciki dabam, tana iya ƙin tashi, kuma lasisin Windows, wanda galibi yake ɗaure da allon uwar na'ura, wato babban allon lantarki da sauran kayan ciki ke jone da shi, yana iya ƙin amincewa. Don haka ga wanda zai bar tsohuwar kwamfutar Windows 10 ya koma sabuwa mai Windows 11, hoton faifai ba shi ne abin da zai yi ƙaura da shi ba, fayilolin ne zai ɗauka. Amfanin hoton a wannan hali shi ne ya zama madogara idan daga baya aka tuna da wani abu da aka manta a tsohuwar.

Manhajojin zamani sun rage nauyin aikin ta hanyar ɗaukar cikakken kwafi sau ɗaya, daga nan kuma su riƙa ɗaukar abin da ya sauya kawai. Wasu suna auna sauyin daga kwafin jiya, wanda ya fi ƙanƙanta amma yana mai da kwafin sarƙa, ta yadda idan zobe ɗaya ya lalace duk na bayansa sun tashi a banza. Wasu suna auna shi daga cikakken kwafin farko, wanda ya fi cin wuri amma maidowa ba ta buƙatar fiye da guda biyu. Ga mai kwamfuta a gida, ra'ayina shi ne rigimar ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba: fayiloli a riƙa kwafarsu kullum ba tare da sa hannun mutum ba, hoton faifai kuma a ɗauka jefi-jefi, musamman kafin babbar sabuntawa ko kafin a miƙa na'ura ga mai gyara.

Faifan gida ko rumbun intanet?

Ƙa'idar da aka fi ambata a wannan fage ita ce 3-2-1, wadda wani mai ɗaukar hoto Ba'amurke, Peter Krogh, ya yaɗa ta: kwafi uku na bayanai har da na asali, a kan nau'in ma'aji biyu, ɗaya daga ciki kuma a wajen gidan. Ba doka ba ce, hanya ce ta tabbatar da cewa babu masifa guda da za ta iya cinye dukkan kwafin a lokaci ɗaya.

Faifan waje yana da sauri, sau ɗaya ake sayensa, kuma ba ya buƙatar intanet. Rauninsa shi ne yana kwana ɗaki ɗaya da kwamfutar, kuma ya dogara da mutum ya tuna ya jona shi, ya kuma tuna ya cire. Filashi ba ta dace da wannan aiki ba sai dai a matsayin ƙari, saboda saurin ɓata da saurin lalacewa, kuma wadda aka tsara da FAT32, wani tsohon tsarin jera fayiloli, ba ta karɓar fayil ɗaya da ya wuce gigabait 4. SSD da aka jefa a durowa shekaru ba tare da an ba shi wuta ba shi ma yana iya fara zubar da abin da ke cikinsa. Wasu suna sayen akwatin ajiya da ake jonawa da intanet ɗin gida, wanda yake da daɗin amfani, amma abin da ya faru a watan Yuni na 2021 ya nuna iyakarsa: masu kutse sun bi ta intanet sun share akwatunan My Book Live na kamfanin Western Digital, waɗanda aka daina yi wa gyaran tsaro tun 2015, mutane suka wayi gari babu komai a ciki.

Rumbun intanet yana cika sharaɗin nisa ba tare da mutum ya ɗauki faifai ya kai gidan ɗan'uwa ba, kuma yana aiki da kansa. Amma abin da ake bayarwa kyauta kaɗan ne, gigabait 15 a Google, 5 a OneDrive, 5 a iCloud, sauran kuma haya ce da ba ta ƙarewa. Ga kuma lissafin da ba a cika yi ba: gigabait 100 a kan layin da ke tura megabit 10 a daƙiƙa zai ɗauki kimanin awa 22 ba tsayawa, kuma ranar maidowa sai an sake sauko da shi duka. Ga wanda yake sayen data da awo, ko wanda layinsa ke yankewa, wannan kaɗai ya isa ya sa ya zaɓi abin da zai hau, ya bar bidiyo a faifai. Sannan rumbun ba naka ba ne. Amazon ta rufe Amazon Drive a ƙarshen 2023, aka ba mutane wa'adi su kwashe kayansu. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin cibiyoyin ajiyar bayanai na kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, wasu abokan cinikinsa suka gano cewa kwafin ajiyarsu ma a wannan harabar yake. Kuma asusu yana iya kullewa saboda an manta kalmar sirri, ko an rasa lambar wayar da ake turo lambar tabbatarwa, abin da kan faru daidai ranar da aka sace waya da kwamfuta a jaka ɗaya.

Batun sirri shi ma yana nan. Faifan waje da ba a kulle ba, duk wanda ya tsince shi zai karanta komai, kuma abin da aka tura rumbun intanet yana hannun wani kamfani a ƙarƙashin dokokin wata ƙasa. Maganin duka biyun shi ne kulle kwafin da kalmar sirri, amma wannan magani yana da nasa ciwo.

Makullin da ke kulle mai gida a waje

Sababbin kwamfutoci da yawa suna zuwa da faifansu a kulle ba tare da mai su ya sani ba. A Windows ana kiran tsarin BitLocker, a na Apple FileVault, kuma daga sabuntawar Windows 11 ta ƙarshen 2024 kullewar tana kunna kanta a kan na'urori da yawa idan an shiga da asusun Microsoft. Muddin kwamfutar tana tashi lafiya, mutum ba zai ga alamar komai ba. Amma idan allon uwa ya ƙone aka ciro faifan don a karanta shi a wata na'ura, ko aka sauya wani saiti na tashi, sai allo ya nemi makullin maidowa, wanda a BitLocker lamba ce mai alƙaluma 48. In babu ita, babu mai gyaran da zai buɗe faifan, ko da kuwa lafiyarsa ƙalau. A ranar 19 ga Yuli, 2024, lokacin da wata gurɓatacciyar sabuntawa ta kamfanin tsaro na CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5, gyaran kansa ɗan ƙarami ne, goge fayil guda, amma a wurare da dama sai da aka tsaya neman waɗannan makullai tukuna. Ga mai kwamfuta a gida, makullin galibi yana cikin asusunsa na Microsoft, kuma ya kamata ya shiga ya gan shi da idonsa, ya rubuta shi a takarda, ya ajiye tare da muhimman takardunsa. Haka ma kalmar sirrin kwafin ajiya da lambobin gaggawa na asusun imel. Ajiye su a cikin kwamfutar da ake tsoron rasawa daidai yake da kulle mabuɗin ɗaki a cikin ɗakin.

Ranar maidowa

Hausawa na cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma ranar maidowa ce ke tona duk abin da aka yi sakaci da shi. A ƙarshen Janairun 2017 wani ma'aikacin kamfanin GitLab ya goge babban rumbun bayanan kamfanin bisa kuskure, kuma da aka juya ga hanyoyin ajiya biyar da suke da su, sai aka tarar babu wadda ke aiki yadda aka zata. Wani kwafi da aka ɗauka da hannu awa shida kafin nan shi ya cece su, bayanan waɗannan awanni shida kuma suka tafi. Idan haka ta sami ƙwararru da ake biya albashi don wannan aiki, to mai File History da faifansa ya cika tun bara, manhajar kuma tana ta nuna gargaɗin da ba wanda ya karanta, ba shi da dalilin sakankancewa.

Gwaji ba shi da wuya. Bayan 'yan watanni mutum ya zaɓi fayil uku ko huɗu daga jakunkuna dabam-dabam, ya maido da su zuwa wani wuri na wucin gadi, ya buɗe su ya ga suna karantuwa, ya kuma duba kwanan watan kwafi na ƙarshe. A nan ne ake gano jakar da ba ta cikin lissafi, domin manhajojin ajiya sukan ɗauki jakunkunan da aka saba da su kawai, su bar wadda mutum ya ƙirƙira da kansa a gindin C, ko fayil ɗin da wata manhajar imel ko ta lissafi ke ɓoye bayananta a ciki. Manhajar Windows Backup da Microsoft ke tallatawa ga masu ƙaura zuwa Windows 11 misali ce: tana tura wasu jakunkuna zuwa OneDrive, tana tuna saituna da jerin manhajoji, amma ba hoton faifai take ɗauka ba, kuma yawancin manhajojin da aka ɗora daga wajen shagon Microsoft sai an sake ɗora su da hannu.

Mai hoton faifai yana da ƙarin aiki guda, wato filashin ceto. Kwamfutar da faifanta ya mutu ba ta da tsarin da za ta tashi da shi balle ta karanta hoton, don haka dole a tashe ta daga filashi da aka shirya tun tana da lafiya, ko da manhajar da ta ɗauki hoton ko da kayan aikin Windows, wanda ke buƙatar filashi mai aƙalla gigabait 8 kuma yana share duk abin da ke kanta. Ya kamata a gwada tashi daga filashin sau ɗaya, a tabbatar tana ganin faifan ciki da na waje, tun kafin ranar da hannu ke rawa. Sabon faifan da za a zuba hoton a kai kuma ya fi kyau ya kai girman tsohon ko ya fi shi, tun da wasu manhajojin ba sa yarda su zuba hoto a kan faifan da ya gaza na asali.

Tsarin maidowar kansa ya danganta da abin da ya faru. Idan faifai ne ya mutu, a sa sabo, a zuba hoto ko a ɗora tsarin daga farko, sannan a kawo fayiloli mafi sabunta a kai. Idan manhajar garkuwa ce, kada a jona faifan ajiya da na'urar sai an goge ta gaba ɗaya an sake ɗora tsarin, kuma kwafin da za a ɗauko ya zama na kafin ranar da cutar ta shiga, wanda shi ne amfanin riƙe tsofaffin nau'o'i. Idan kuwa abin ya faru babu kwafi ko ɗaya, abu mafi amfani shi ne a kashe na'urar nan take, domin duk abin da aka ƙara rubutawa a kan faifan, har da manhajar tono fayiloli da aka sauko da ita a kansa, yana iya hawa kan gurbin abin da ake nema. Faifan da ke ƙas-ƙas kuma kowace kunnawa tana ƙara masa rauni, kuma buɗe murfinsa a ɗaki yana shigar da ƙurar da za ta ƙarasa shi. Irin wannan aiki sai kamfanonin ceto masu ɗakuna marasa ƙura, waɗanda kuɗin aikinsu kan ninka na faifan waje sau da yawa, kuma ba sa yin alkawarin cewa komai zai dawo.